4,294,967,297: Lambar da Ta Yaudari Fermat

Duk mai waya a hannu zai iya gwada wannan kafin ya ci gaba da karatu. A buɗe kalkuleta, a rubuta 4,294,967,297, a raba da 641. Amsar da za ta fito ita ce 6,700,417, cif, babu ɗigo babu saura. Aikin daƙiƙa biyar ke nan. Amma daga shekarar 1640, lokacin da aka rubuta wannan lamba a wata wasiƙa a Faransa tare da shaidar cewa babu abin da ke raba ta, zuwa ranar da aka gano 641, shekara 92 aka yi. Wanda ya ba da shaidar kuwa ba ƙaramin mutum ba ne. Pierre de Fermat ne, lauya kuma alƙali a babbar kotun birnin Toulouse, wanda lissafi bai zama sana'arsa ba amma ya fi masu sana'ar na zamaninsa zurfi a sha'anin lambobi. Abin da ya sa lamarin ya cancanci nazari shi ne, makamin da aka kama lambar da shi daga baya, a hannun Fermat ɗin aka gaje shi.

Abin da fuskarta ke nunawa

Idan za a karanta ta da baki, sai a ce biliyan huɗu da miliyan ɗari biyu da casa'in da huɗu da dubu ɗari tara da sittin da bakwai da ɗari biyu da casa'in da bakwai. Alƙaluma goma ne. A wannan zamani da ake maganar kasafin kuɗi da tiriliyan, kunne ya daina jin girman biliyan huɗu. To amma wanda ya ce zai ƙirga ta, lamba ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ya shekara 136 da 'yan kai kafin ya gama.

Tambayar farko da ake yi wa kowace lamba ita ce: me ke raba ta ba tare da saura ba? Lambar da babu mai raba ta sai 1 da ita kanta, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13, ita ce ɗaliban sakandare suka sani da firam. A nan zan riƙa kiranta gagara-rabo. Wadda aka samu ta hanyar ninka wasu ƙananan lambobi kuwa, kamar 15 da ta fito daga 3 sau 5, haɗaɗɗiya ce. Gagara-rabo su ne tubalan da ake gina sauran lambobi da su.

Dabarun da aka koya mana a firamare ba sa daɗewa a gaban wannan lamba. Ta ƙare da 7, saboda haka mara ce, 2 ba ta raba ta, 5 ma haka. A tara alƙalumanta, za a sami 59; tun da 3 ba ta raba 59, ba ta raba uwar lambar ba, balle 9. A gwada 7, saura 5. A gwada 11, saura 5. Daga nan dabara ta ƙare, sai rabawa da hannu ɗaya bayan ɗaya.

Sai yaushe za a tsaya? Idan lamba haɗaɗɗiya ce, dole ɗaya daga cikin tubalanta ya kasance bai wuce saiwarta ba, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da ita. Saiwar wannan ta ɗara 65,536 da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma a ƙasa da 65,536 akwai gagara-rabo guda 6,542. Mai alƙalami da tawada a ƙarni na sha bakwai, in ya dubi rabawa 6,542, kowace da lamba mai alƙaluma goma, ba laifi ba ne in gwiwarsa ta yi sanyi. Gaskiya ne da ya daure ba zai kai ƙarshe ba, domin 641 ita ce ta 116 a jerin gagara-rabo. Sai dai shi bai san haka ba. Zai yi rabawa 115 a jere, kowace ta bar saura, kowace kuma ta ƙara masa yaƙinin cewa wahalar banza yake yi.

Fuskar lambar iyakar abin da za ta faɗa ke nan. Sauran bayanin yana wurin asalinta.

Gidan da ta fito

A fara da 1, a riƙa ruɓanyawa: 2, 4, 8, 16, 32. A ruɓanyawa ta 32 za a isa 4,294,967,296, abin da ake rubutawa 2³². A ƙara ɗaya, ga lambarmu.

Masu karatun littattafan Larabci sun san wannan jeri ta wata ƙofa. Labarin nan na mutumin da ya ƙirƙiro darar shaɗaranj mai gida 64, ya roƙi sarki ƙwayar hatsi ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ruɓanyawa, Ibn Khallikan ya kawo shi a ƙarni na sha uku, kuma tun kafin shi Al-Biruni ya lissafa jimillar: 18,446,744,073,709,551,615. Ƙwayoyin da ke gida na 33, gidan farko a rabi na biyu na allon, su ne 4,294,967,296. Ita kanta babbar jimillar, in aka warware ta, 4,294,967,295 ce sau 4,294,967,297. Ashe lambar tana kwance cikin hatsin sarki ƙarnoni da dama kafin wani ya tambayi halinta.

Fermat ya lura da wani abu game da lambobin da ake samu in an ruɓanya sannan aka ƙara ɗaya. Idan adadin ruɓanyawar yana da wata mara, ban da 1, da ke raba shi, lambar ba ta taɓa zama gagara-rabo. Ruɓanyawa uku da ƙarin ɗaya, 9 ce, 3 sau 3. Shida ta ba da 65, wato 5 sau 13. Goma ta ba da 1,025, wadda 5 ta raba. Sha biyu ta ba da 4,097, wato 17 sau 241. Wannan ƙa'ida tabbatacciya ce, tana da hujja. Abin da ya tsira daga gare ta shi ne inda adadin ruɓanyawar shi kansa ruɓi ne zalla: 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64. Su ne suka haifi 3, 5, 17, 257, 65,537, sai 4,294,967,297, sai 18,446,744,073,709,551,617. Yau ana kiransu lambobin Fermat, ana yi musu laƙabi F0, F1, F2 zuwa sama. Da yake ƙirgar daga sifiri ta fara, tamu ita ce F5, ɗiya ta shida a gidan.

'Yan'uwanta biyar na farko duk gagara-rabo ne, babu tantama. A wasiƙar da ya aika wa masanin lissafi Frénicle de Bessy a 1640, Fermat ya jero bakwai ɗin nan, ya ce ya kusa sakankancewa duk zuriyar haka take, ko da yake ya yarda ba shi da cikakkiyar hujja. Shekara goma sha huɗu bayan nan, a 1654, yana nan kan bakansa a wasiƙarsa ga Blaise Pascal. Ya rasu a 1665 ba tare da wani ya ƙaryata shi ba. Hujjarsa ta zuci dai ita ce ta mai cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: biyar sun gagara, ta shida ma za ta gagara.

Yadda aka kama ta

A Disamban 1729 wani masanin lissafi, Christian Goldbach, ya rubuta wa wani saurayi ɗan Suwizalan da ke aiki a cibiyar kimiyya ta birnin St Petersburg a Rasha, ya tambaye shi a ƙarshen wasiƙar ko ya san wannan magana ta Fermat. Saurayin shi ne Leonhard Euler, wanda ake furta sunansa Oila, yana da shekara 22 a lokacin. A 1732 ya gabatar da amsa: 641 tana raba F5. Takardar da ya gabatar ba ta bayyana hanyar da ya bi ba. Sai bayan kusan shekara goma sha biyar ya rubuta hujjar ƙa'idar da ke ƙarƙashin abin. A wurina wannan ƙa'ida ita ce zuciyar lamarin, don haka zan ɗan zauna a kanta.

Ana bukatar abu ɗaya kawai, lissafin saura. Kowa yana yinsa ba tare da ya sa masa suna ba. In yau Juma'a ce, aka ce wace rana ce bayan kwana 100, ba a ƙirga kwanakin. A zubar da bakwai-bakwai har 98, saura 2, Lahadi ke nan. Haka za a yi da ruɓanyawa. A ɗauki 17, a riƙa ruɓanyawa ana zubar da sha bakwai-sha bakwai: 2, 4, 8, 16, sai 32 ta koma 15, sai 13, sai 9, sai 1. An dawo kan 1 bayan taki takwas, daga nan kuma zagayen zai sake farawa. Fermat da kansa ya gano, a wannan shekara ta 1640, cewa in mai rabawar gagara-rabo ce, tsawon zagayen dole ya raba lambar da ke ƙasa da ita da ɗaya. Ga shi nan: 8 ta raba 16.

To a ce wata gagara-rabo tana raba 2³² da ƙarin ɗaya. Ma'anarsa, a taki na 32 saura ɗaya a cika zubi. In an ninka wannan da kansa, a taki na 64 za a faɗo kan 1. Tsawon zagayen dole ya raba 64, kuma ba zai raba 32 ba, domin da ya raba da a taki na 32 an riga an dawo kan 1. Saboda haka 64 ne daidai. Ke nan duk gagara-rabon da za ta raba F5, in aka cire mata ɗaya, dole 64 ta raba abin da ya rage.

Dubun nan shida da ɗari biyar da wani abu sun zube nan take. Waɗanda suka rage a layi su ne 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641 da na bayansu. A cikin goman nan, biyar haɗaɗɗu ne, a fitar da su. Saura 193, 257, 449, 577, 641.

Ba ma sai an yi doguwar rabawa ba. Tun da 2³² ita ce 65,536 sau kanta, a fara rage 65,536 ɗin. Da 193, sauran ƙarshe 109 ne. Da 257, saura 2. Da 449, saura 325. Da 577, saura 288. Da 641 kuwa, a duba da kyau: 641 sau 102 ta ba da 65,382, a cire daga 65,536, saura 154. Sai 154 sau 154, wato 23,716. Ita kuma 641 sau 37 ta ba da 23,717. Ɗaya tak ya hana a cika, ɗayan nan kuwa shi ne wanda ake ƙarawa a kan 2³². Magana ta ƙare a gwaji na biyar, a kan rabin shafin takarda.

Akwai wata hanya da ta fi wannan kyau, ga mai son ado. Lambar 641 tana da fuska biyu: ita ce 5 sau 128 da ƙarin ɗaya, kuma ita ce 625 a tara da 16. Fuskar farko ta ce 5 sau 128, wato 5 sau 2⁷, saura ɗaya ya cika zubi, don haka in aka jera shi sau huɗu aka ninka, 625 sau 2²⁸ zai bar saura 1. Fuska ta biyu ta ce 625 daidai take da bashin 16, wato bashin 2⁴. A musanya, sai ya zama bashin 2³² ya bar saura 1, wanda ke nufin 2³² da ƙarin ɗaya ba ta bar komai ba. Sai dai wannan hujja ce ta wanda ya riga ya san amsa. Ba ita za ta kai mutum ga 641 ba.

A 1878 Édouard Lucas ya ƙara matse ƙa'idar, ya nuna 128 ce ma dole ta raba, ba 64 kaɗai ba. Da wannan, layin ya koma 129, 257, 385, 513, 641, gagara-rabo biyu kacal a ciki. Ita 257 kuwa 'yar gida ce, kuma tun 1730 Goldbach ya nuna 'yan gidan nan ba sa tarayya a tubali. Dalilin mai sauƙi ne: 3 sau 5 ta ba da 15, wato 17 ba biyu, 15 sau 17 ta ba da 255, wato 257 ba biyu, haka har 3, 5, 17, 257 da 65,537 in an ninka su duka su ba da F5 ba biyu. Duk abin da ya raba F5 ya kuma raba wata yayarta, dole ya raba 2, su kuwa duk mara ne. Da ilimin Lucas da na Goldbach a haɗe, 641 ce gwaji na farko.

Ƙa'idar ta kuma sauƙaƙa tambayar da ta biyo baya: ita 6,700,417 fa, tana rabuwa? Saiwarta ba ta kai 2,589 ba, kuma gagara-rabon da suka cika sharaɗin 128 a ƙasa da haka biyar ne: 257, 641, 769, 1,153 da 1,409. Babu wadda ta raba ta. Gagara-rabo ce, ita ma kuma ta bi ƙa'idar gidan, domin 128 sau 52,347 da ƙarin ɗaya ce.

Abin da ke ɗaure kai shi ne, Fermat ya yi irin wannan aikin sak a kan wata lamba da ta fi wannan girma. A 1640 ɗin dai, ya so ya san ko 2³⁷ ba ɗaya gagara-rabo ce, ya yi amfani da tsawon zagaye ya taƙaita masu neman raba ta zuwa 149, 223 da na gaba, ya kuma sami 223. Mutumin da ya iya wannan ba rabawa biyar ce za ta gagare shi ba. Wasu masana tarihin lissafi suna ganin ya gwada 641 ya yi kuskuren alƙalami, bai kuma sake dubawa ba. Ni na fi karkata ga cewa zuciyarsa ta riga ta yanke hukunci, mai neman tabbatar da abin da yake so kuwa ba ya bincike irin na mai neman laifi. Alƙali ne fa. Ya san bambancin shaida biyar da hujja yankakkiya, shi ya sa ma ya faɗi gaskiya cewa hujjar ba ta cika ba. Amma a lissafi wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Rukunan da ta faɗa

Da zarar an san tubalan, sauran sifofin lambar sai su riƙa zubowa kamar an kwance bakin buhu.

Tubali biyu ne kacal, kowanne sau ɗaya. Masu raba ta huɗu ne: 1, 641, 6,700,417 da ita kanta. Da dukiya ce ta gado, babu yadda za a raba ta daidai wa daida sai tsakanin mutum 641 ko mutum 6,700,417. Lambobi masu tubali biyu irin wannan su ne ginshiƙin makullin sirri na RSA da ke tsare hada-hadar banki a intanet, sai dai can ana amfani da masu ɗaruruwan alƙaluma. F5 ko ƙofar kaji ba za ta kulle ba. Yayarta 65,537 ce ta sami aiki a wannan fage, domin ita ce lambar da mafi yawan makullan RSA ke ɗauka a ɓangarensu na bayyane.

Akwai tsohon rabe-rabe da ya zo daga Girkawa, wanda Thabit ibn Qurra ya shigar da shi Larabci a Bagadaza a ƙarni na tara: a tara masu raba lamba ban da ita kanta. In jimillar ta yi daidai da lambar, kamar 6 da 28, kammalalliya ce. In ta wuce, kamar 12, mai rara ce. In ta gaza, mai giɓi ce. Jimillar F5 ita ce 6,701,059, ko kashi ɗaya cikin ɗari na lambar ba ta kai ba. Giɓinta ya yi kusa da na gagara-rabo ta gaske. Haka nan in aka ƙirga lambobin da ke ƙasa da ita waɗanda ba su haɗa tubali da ita ba, za a sami 640 sau 6,700,416, wato 4,288,266,240. Mai zaɓen lamba da ka, kusan sau ɗaya cikin 640 ne zai dace da wadda ta haɗa jini da ita.

Sifa ta gaba ta fi ba ni sha'awa, saboda ita ma daga aljihun Fermat ta fito. A ranar Kirsimetin 1640 ya rubuta wa Marin Mersenne cewa gagara-rabon da ke barin saura 1 in an raba ta da 4, ana iya rubuta ta a matsayin murabba'i biyu a haɗe, ta hanya ɗaya tak. Murabba'i shi ne lambar da aka ninka da kanta. Misali 13 ita ce 9 da 4, wato 3 sau 3 da 2 sau 2. F5 tana da hanyarta ta gado: 65,536 sau kanta, da 1 sau kanta. Amma tana da ta biyu a ɓoye: 62,264 sau kanta ta ba da 3,876,805,696, sannan 20,449 sau kanta ta ba da 418,161,601, a tara su a gani. Hanya biyu shaida ce cewa haɗaɗɗiya ce, ko da ba a taɓa jin 641 ba. Hanyoyin biyu kuwa daga tubalan suka gangaro, domin 641 ita ce murabba'in 25 da na 4, ita kuma 6,700,417 murabba'in 2,556 da na 409.

Sai rukunin da ya fi dacewa da halinta, na masu shigar burtu. Daga ƙa'idar zagaye ana samun gwaji mai sauri: in lamba gagara-rabo ce, a ruɓanya sau adadinta ba ɗaya, a raba da ita, saura dole ya zama 1. Ga 7, ruɓanyawa shida ta ba da 64, saura 1. Ga 9, ruɓanyawa takwas ta ba da 256, saura 4, an kama ta. Amma wasu haɗaɗɗun suna tsallake wannan shinge. Mafi ƙanƙantarsu 341, wadda 11 sau 31 ce. F5 tana cikinsu, kuma ba sa'a ta taka ba, gado ne: zagayenta 64 ne, 64 kuwa tana raba 2³², don haka dole a faɗo kan 1. Duk 'yan gidan haka suke, na gaske da na jabu. Kama da wane ba ta wane.

A sauya 2 da 3, sai asiri ya tonu. A fara da 3, a ninka da kanta: 9, 81, 6,561, 43,046,721, daga nan a riƙa zubar da F5 bayan kowane ninki. Taki 32 kawai ake bukata. Da gagara-rabo ce da an ƙare a kan 1. A kan 3,029,026,160 ake ƙarewa. Irin wannan gwaji ne Théophile Pépin ya gyara a 1877 ya zama ma'auni mai yanke hukunci ga lambobin Fermat. A lura da abin da yake bayarwa da abin da yake hanawa: zai ce lamba tana rabuwa, ba zai faɗi wa ke raba ta ba.

Ita da maƙwabtanta biyu

A ranar 30 ga Maris 1796, Carl Friedrich Gauss, yana saura wata guda ya cika shekara 19, ya gano ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da rula marar ma'auni da kamfas ɗin zana da'ira kaɗai, abin da ya wuce Girkawa shekara dubu biyu. Sharaɗin da ya fitar, wanda Pierre Wantzel ya kammala hujjarsa a 1837, shi ne adadin gefen ya zama ruɓi zalla, ko gagara-rabon gidan Fermat mabambanta a ninke, ko haɗin biyun. Shi ya sa mai gefe 5 da 15 da 17 ke zanuwa, mai 7 da 9 da 11 ba sa zanuwa. Wani Bajamushe, Johann Gustav Hermes, ya kwashe kimanin shekara goma yana tsara yadda za a zana mai gefe 65,537, ya gama a 1894, takardun suna ajiye a jami'ar Göttingen.

Yanzu a dubi lambobi uku a jere. Mai gefe 4,294,967,295 tana zanuwa, domin ita ce 'yan'uwan nan biyar a ninke, kuma ita ce mara mafi girma da aka san tana da wannan sifa. Mai gefe 4,294,967,296 tana zanuwa, ruɓi ce zalla. Mai gefe 4,294,967,297 ba ta zanuwa har abada, saboda 641 ba 'yar gidan Fermat ba ce. Babu idon da zai bambanta siffofin uku da da'ira, amma biyu halal ne ga rula da kamfas, ta uku ta haramta. Da zaton Fermat ya tabbata, da ukun duk sun zanu.

A duniyar kwamfuta ma a bakin ƙofa take tsaye. Na'urar da ke ajiye lamba a gurbi 32, kowane gurbi ko 0 ko 1, tana iya riƙe daga sifiri zuwa 4,294,967,295. F5 a wannan rubutu 1 ce, sai sifiri 31, sai 1, gurbi 33 ke nan. In aka tura ta cikin gurbi 32, na farkon ya faɗi, sai ta koma 1, kamar mitar tsohuwar mota da ta cika ta juyo. Wannan iyaka ce ta sa tsohon tsarin adireshin intanet, IPv4, yake da adireshi 4,294,967,296 kacal, waɗanda babban rumbunsu na duniya ya ƙare a Fabrairun 2011.

Ƙannenta

Bayan F5 gidan bai sake haihuwar gagara-rabo da aka sani ba. F6, wadda Fermat ya rubuta da hannunsa a waccan wasiƙa, 274,177 ce sau 67,280,421,310,721, kamar yadda Fortuné Landry ya bayyana a 1880. An san F7 haɗaɗɗiya ce tun 1905, amma sai 1970 Morrison da Brillhart suka fasa ta da kwamfuta. F8 ta fashe a 1980, F11 a 1988, F9 a 1990, F10 a 1995. Daga F12 zuwa sama babu wadda aka warware gaba ɗaya. F14 an tabbatar tana rabuwa a 1963, aka jira har 2010 kafin a ga tubalinta na farko. F20 da F24 an yanke musu hukunci a 1987 da 1999, har yau babu tubalinsu ko ɗaya a hannu.

Daga F5 zuwa F32, dukkansu haɗaɗɗu ne. Ra'ayin mafi yawan masana yanzu ya juya baki ɗaya: suna zaton biyar ɗin farko su ke nan, babu ƙari, ko da yake wannan ma zato ne marar hujja, irin na Fermat. Ta farko da ba a yanke wa hukunci ba ita ce F33. Alƙalumanta sun haura biliyan biyu da rabi, gwajin Pépin a kanta kuwa yana bukatar a ninka lamba mai wannan tsawo da kanta sau fiye da biliyan takwas da rabi.